Jinyar Inna da Kunyar 'Yar Fari

Assalamu alaikum. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan, in ɗauki biro in ajiye, don duk lokacin da na tuna daminar bara sai zama ya gagare ni. Yau dai na matsa wa kaina. Idan kuna da tsoho ko tsohuwa a kwance a gida, ku daure ku karanta, ko ku sa a karanta muku.

Sunana Hajara. Malama ce ni a wata makarantar koyon aikin jinya a cikin Kano, kuma darasin da aka san ni da shi shi ne na 'yan ajin farko, wato tarihin aikin da tushensa. Ni nake tarbar yara sababbin shiga, fararen kayansu ko wanki na biyu ba su sha ba, in ba su labarin yadda jinya ta faro a hannun mata a cikin gidaje. In ba su labarin sahabiyar da ta kafa tanti tana kula da waɗanda aka ji wa rauni a yaƙi, da na Baturiyar da ta tarar ƙazanta da rashin iska suna kashe sojoji a asibiti, ta sa aka buɗe tagogi aka wanke ɗakuna. Ina gaya musu mai jinya ba 'yar aiken likita ba ce, aikinta daban, iliminta daban. In na zo nan har tebur nake bugawa, yaran suna kwaikwayona a bayan idona, na sani.

To ni ce kuma 'yar farin Inna.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Garinmu ƙauye ne a gindin duwatsu, gaba da Doguwa kaɗan, Inna kuwa daga rugar Fulani aka kawo ta gidan manoma. Kunyar ɗan fari da ake yi ko'ina, ita ninka ta ta yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Talatu, ƙanwar babanmu, ita ta riƙe ni har aure. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta cin abinci ina wurin. In tana da magana da ni sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da kaza ce ke kiwo a tsakar gida: "A ce wa waccan ruwan wankanta ya yi zafi." Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kowa ya san in na zo hutu, man shanun da ta fi ɓoyewa a tuwona yake ƙarewa. Haka muka yi ta tafiya lafiya lau har na haifi nawa 'ya'yan, har babanmu ya rasu.

Ciwon ya same ta da hantsi tana tankaɗen garin masara. Rariya ta suɓuce mata, bakinta ya karkace, ta zame ta kwanta a gefen turmi. Sani, autanmu, yana gona. Kafin ya dawo mata sun cika gidan, kowacce da nata sanin. Wata ta ce iska ce, don an gan ta ta bi ta gindin tsamiya da rana tsaka. Wata ta ce jifa ne. Aka yi hayaƙi, aka murje ta da man shanu da tafarnuwa, aka rufe taga aka saki labule. Sai da aka kwana biyu a haka Sani ya hau kan dutse, inda ake samun sabis, ya kira ni.

"Yaya, Inna fa ba ta jin daɗi. Hannunta na hagu da ƙafar ba sa motsi."

"Tun yaushe?"

Ya ce, "Cewa suka yi kar a tayar miki da hankali."

Ban san yadda na kai tasha ba. Motar da na samu kuwa kamar da gangan, direban ya tsaya a Kwanar Dangora ya ɗauki buhuna, ya tsaya a Tudun Wada ya ci abinci har da sakace. Muna ratsa dajin Falgore ina ta taka ƙasan motar da ƙafata kamar ni ke tuƙi, har wata dattijuwa da ke gefena ta ce, "'Yar nan, ki bar ƙafar nan ta huta, ba ita ke jan mu ba." Daga Doguwa babur na hau, laka har gwiwa.

Na tarar da ɗakin duhu, hayaƙi ya turnuƙe, mata jere a bakin gado suna ta sannu. Na nufi taga na buɗe. Gwaggo ta biyo bayana ta rufe.

"Daga zuwanki? Ko gaisuwa ba ki gama ba."

Na durƙusa na gaishe da Inna. Ta kau da kai ta amsa wa bango, maganar tana fita da ƙyar. Na fito da abin awon jini na miƙa hannu zan kama damtsenta, sai ta janye hannun mai lafiyar ta cusa cikin zane. A lokacin ban ɗauki abin da zafi ba. Na ba Gwaggo ta ɗaura mata, ina nuna mata da baki. Da na ga inda jinin ya kai, ban tsaya shawara da kowa ba, na ce Sani ya nemo mota ko ta ɗaukar rake ce.

Asibitin gwamnati muka je, ba zan faɗi wanne ba, don akwai mutanen kirki a ciki kuma akwai abin haushi. Layin kati daban, layin likita daban, layin magani daban, ga ruwan sama yana feso mu a baranda, Inna a kwance a benci Gwaggo ta tare ta da jikinta. Na san hanyar da zan bi in tsallake layi, in ce ni ce wance, amma kowa a wurin da nasa mara lafiyar a hannu. Na yi ta kai da komo dai har wani mai gadi ya ce in zauna ina sa shi jiri.

Likitan yaro ne, idonsa ja don gajiya. Da ya ji aikina sai ya ce, "Hajiya, ke 'yar gida ce, ba sai na zagaya ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Ni jinin zan iya saukarwa. Amma abin da zai tashe ta ko ya kwantar da ita yana hannun masu jinya." Maganar nan ta zauna mini. Har wani daɗi na ji a raina duk da halin da nake ciki, don abin da nake buga wa tebur ke nan. Na ce wa kaina, to Inna ta faɗo hannun gwana.

A ɗakin mata nas ɗaya ce ke kula da gadaje duka. Ina shiga ta saki abin da ke hannunta ta rusuna, "Malama!" Ashe Rifkatu ce, 'yar Riruwai, wadda na koyar shekarun baya, mai yawan barci a aji. Yanzu barcin ma ba ta samu. Wanda ya kwana asibiti irin wannan ya san 'yan uwa ne ke rabin aikin: wanka, juyi, ba da abinci, kai fo. Mu kuwa mu biyu ne, ni da Gwaggo. Ƙanwata Rabi tana jego a Ƙafin Maiyaki, ko arba'in ba ta yi ba. Sani namiji ne, iyakarsa bakin ƙofa.

Washegari Rifkatu ta ja labule ta goge wa Inna jiki, ta fito ta ja ni gefe.

"Malama, akwai ciwo a ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi. Fatar ta saluɓe. Faɗin murfin kwalba."

Bari in tsaya in yi bayani ga wanda bai sani ba, don saboda wannan nake rubutun. Mai lafiya ko barci yake yana motsawa bai sani ba. Wanda jikinsa ya shanye kuwa, inda aka ajiye shi nan zai wuni. Nauyinsa ya danne naman da ke tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Daga ja sai saluɓa, daga saluɓa sai rami, in ya ruɓe ya shiga jini sai mutum ya tafi, a ce ciwon farko ne ya kashe shi. Maganinsa ba tsada: a juya mutum duk bayan awa biyu, a tsane masa jiki, a ba shi abinci mai kyau. Wannan a makon farko nake koya wa ɗalibai. Kwana biyun da Inna ta yi a rigingine a kan leda, ana ta yi mata sannu, su suka fara shi.

Na ɗaga labule zan duba. Inna ta ji takuna, ta damƙe bakin zanenta.

"Talatu, a ce mata ta fita."

"Inna, dubawa kawai zan yi."

"Talatu."

Gwaggo ta kalle ni ta yi mini alama da haɓa. Na fita. Rifkatu, bare, wadda ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, Inna ta sakar mata jiki tana ma sa mata albarka. Ni da na fito daga cikinta, ni aka kora.

Mako biyu muka yi a nan. Abin da Inna ta yarda in yi shi ne wanki, girki, sayo magani, da zubar da abin da aka turo mini ta ƙarƙashin labule. In Rifkatu na aiki tana juya ta gwargwadon iko, amma mace ɗaya ce da ɗaki guda, ga mai naƙuda ga mai amai. In ta tashi, wata nas ɗin sai ka yi ta bin ta. Gwaggo kuwa ta tsufa, ga ciwon baya, in ta tura Inna ta wannan gefe sai ta gangaro ta dawo. Ni ina tsaye a bayan labule ina kallon agogo, hannuwana suna ƙaiƙayi. Safar hannu, auduga, ruwan wanke ciwo, komai sai ka saya a waje. Sani ya sayar da masarar da aka ajiye don shuka ta gaba, ya ƙara da akuya, bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Masu dubiya kuma ba su fasa ba, kowa ya zo da lemo da shawara. Wani kawunmu har cewa ya yi a mayar da ita gida a kira mai tausa daga Kiru, wai ya taɓa tayar da wani a kwana uku. Na ce masa ya kawo mini wanin in gan shi. Gwaggo ta ce ba ni da kunya, na ce ai kunyar ce ta kawo mu nan.

Da jinin ya sauka aka sallame mu, don ana jiran gadon, Inna ma ta matsa a kai ta ɗakinta. A gida abin ya ƙara lalacewa. Wankin ciwon ya koma hannun Gwaggo, wadda zare ma sai an zura mata a allura. Ni ina bakin ƙofa, labule a tsakaninmu.

"Gwaggo, wane launi ne yau?"

"Launin ciwo mana."

"Ja ne, ko fari, ko baƙi?"

"To, akwai ja, akwai wani abu kamar kitse. Ke kin cika tambaya kamar alƙali."

"Yana ruwa?"

"Da ɗan dama."

Da ɗan dama! Da me zan auna da ɗan dama? Na ba ta wayata ta ɗauko mini hoto, ta ɗauko mini rufin ɗaki da babban yatsanta. Inna ta gane abin da ake ciki, ta ce in aka sake shigo da wayar nan ba za ta ƙara yarda a buɗe ta ba. Ranar nan kuma na kama wata maƙwabciya ta kawo garin wani ganye a ƙulle a leda za a barbaɗa. Na karɓa na gode mata na watsa a murhu tana kallo. Har yau ba ta gaishe ni da kyau.

A mako na huɗu na fara jin wari in na wuce ƙofar. Duk wanda ya yi aikinmu ya san warin nan, ba ya kama da komai. Sai zazzaɓi ya biyo baya, Inna ta rage cin abinci. Na hau dutse na kira Rifkatu. Allah ya saka wa yarinyar nan, ranar hutunta ce za ta gida Riruwai, ta sauka a hanya ta hau babur ta shigo. Ta daɗe a ciki. Ina jin Inna tana salati ƙasa-ƙasa, ni kuma ina zagaya tsakar gida, na share inda na riga na share. Da ta fito ta cire safar hannu ba ta kalle ni ba.

"Ya zurma, Malama. Na yanke mataccen naman, na kawo allurai, zan nuna wa mai kyamis na garin nan ya riƙa yi mata a hannu. Amma kin fi ni sani. In nauyinta bai tashi daga kan wurin ba, wankin banza muke yi."

Na sani ɗin. Shi ya sa da la'asar ɗin ranar na yi abin da na yi. Na shiga ɗakin ba sallama, na ce, "Inna, yau sai dai ki yi haƙuri. Ki tsine mini in kin warke." Na sa hannu a kafaɗarta zan mirgina ta.

Ban ga lokacin da hannunta na dama ya fito ba. Ji kawai na yi an damƙe mini wuyan hannu, damƙar da ta sa na durƙusa ban shirya ba. Ba ta kalle ni ba, idonta na kan rufi, hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

"Talatu," ta ce, "ki gaya mata. Wallahi gara a ɗauke ni da suturata."

Ta sake ni. Daga nan ta rufe baki, ko ruwa ta ƙi karɓa har washegari.

Gwaggo ta same ni a bayan gida. Ita da ta goya ni, ba ta taɓa yi mini faɗa irin na ranar ba.

"Kin ga abin da kika jawo? Ke karatunki bai gaya miki ba? Matar nan hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, ni nake share mata kashi kamar jaririya. Abu ɗaya ya rage mata wanda take riƙe da shi tun tana amarya, shi ma sai kin ƙwace? In kin ƙwace, wa za ki tayar? Gangar jiki?"

"To in zuba ido ta ruɓe, Gwaggo?"

"Ni ban ce ba. Ke ce malama."

Ta juya ta bar ni. Na shiga gonar Sani ina tafiya tsakanin kunyoyin masara, na kai ƙarshe in dawo, raɓa ta jiƙa mini zane. Haushi nake ji, na Inna, na Gwaggo, na duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan al'ada. Kuma tsoro nake ji, tsoro sosai, don na ga mutane sun mutu da ciwon da bai kai wannan ba. Ga wuyan hannuna yana zafi, shatin yatsunta ya fito raɗau.

Shatin nan na tsaya ina kallo. Akwai wani darasi da nake yi wa ɗalibai in sun ɗan kwana biyu, wanda malaman aikinmu na baya suka gina sana'ar a kansa. Cewa yake ba a auna mai jinya da yawan abin da ta yi wa mara lafiya. Ta fara duba abin da ya rage masa na ƙarfi, ta cike masa inda ya gaza kawai, tana yi tana janyewa, har ya daina bukatarta. Na sha kayar da yara a jarrabawa a kan wannan. Amma ni tun da na zo, ɓarin da ya mutu nake kallo. Ban kalli hannun da ya tashi yana tatsar shanu tun tana yarinya ba, hannun da ya durƙusar da ƙatuwar mace irina. Kuma in na faɗi gaskiya, so nake a ce ni na yi. Wannan kuwa ba ya cikin darasin.

Na kira Sani na ce ya hau babur ya je rugar kawunnanmu ya karɓo mini dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere. Ya kalle ni kamar na taɓu, ya tafi. Washegari ya kawo ta, muka yanka ta biyu, na ƙara mata ƙulle-ƙulle yadda hannu zai samu wurin kamawa. Gadon Inna na ƙarfe ne irin na da. Na ba Gwaggo ta ɗaure ɗaya a ƙarfen dama, ɗaya a na hagu, ta ɗora bakinsu a kan cikin Inna.

Inna ta shafa igiyar, ta kai hanci ta shinshina. Maganarta ta farko ke nan tun jiya: "Talatu, maraƙi aka mayar da ni?"

Sai na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin, na ɗaura wani guntun igiya a ƙafar gado, na kwanta rigingine.

"Gwaggo, zo in koya miki wani abu, ko don gaba."

"Ni? Lafiyata ƙalau, bakinki ya sari..." Sai ta kalle ni, ta kalli gado. Gwaggo ba ta yi boko ba amma ba a yi mata bayani sau biyu. Ta jawo kujera ta zauna. "To koya mini. Tsufa ba ya sallama."

Na saki hannuna na hagu da ƙafar kamar matattu. "Kin ga, Gwaggo, da farko ki ɗauko wannan hannun da mai lafiyar ki ɗora a ƙirji, kar ki bar shi a baya. Sai ki zura ƙafa mai lafiya ƙarƙashin ɗayar, ki harɗe su. Sai ki juya kai inda za ki. Sai ki kama igiya, ki ja." Na mirgina. Na dawo na sake. Na yi ta yi har na yi gumi, ɗankwalina ya faɗi.

Inna fuskarta na bango. Can sai ta ce, "Mace da girmanta, da 'ya'yanta, tana birgima a ƙasa." Amma da yamma ta karɓi kunu.

Kwanaki na yi ina wannan birgima safe da yamma, ina koya wa Gwaggo abin da ba ta bukata. In na gama sai in fita, in je can ƙarshen gida in kama daka da ƙarfi, don Inna ta ji a kunnenta cewa na yi nisa. Ban taɓa dakan da ya kai na kwanakin nan ba, har garin da ba a bukata na daka. Gwaggo ta riƙa kawo mini labari. Yau ta kama igiyar ta saki. Yau ta harɗe ƙafa amma ta kasa ja, ta yi kuka. Yau ta zagi igiyar da Fillanci. Ni kuwa kowace safiya sai na tsaya a ƙofa na ja numfashi, ina auna warin, ya ƙaru ko ya ragu. Abinci ba ya shiga mini. In na zauna sai in miƙe.

Wata rana bayan azahar ina daka na ji gadon ƙarfen ya yi ƙara, irin ƙarar da ban taɓa ji ba. Na tsaya da taɓarya a sama. Gwaggo ta leƙo, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ci gaba da dakanki," ta ce a hankali. "Ta juya."

Na ci gaba da dakan ina kuka, hawaye na zuba cikin turmi.

Daga nan aiki ya rabu yadda kowa zai iya. Inna ta juya kanta, Gwaggo ta cusa mata matashi a baya da tsakanin gwiwoyi, wannan ba ya son ƙarfi. Inna ba ta san agogo ba, sai muka ɗaura abin a kan hidimar gida: in an saki awaki, in rana ta kai bakin rumbu, in an kira salla, in Sani ya dawo daga gona. Da dare Gwaggo ce ke tashinta, tsofaffi dama barcinsu kaɗan ne. Ni nawa shi ne tukunya: ƙwai, wake, nono daga ruga, hanta ranar kasuwa. Jan igiya yana sa gumi, sai ga Inna da kanta ta ce a buɗe tagar nan mutum ya sha iska.

Zazzaɓin ya sauka a mako na shida. Warin ya tafi. Wata safiya na yi tambayata ta kullum a bayan labule, Gwaggo ta ce, "Yau jajir yake, kamar naman da mahauci ya yanka yanzu." Ta ɗauka mugun labari ta ba ni, ta ga ina hamdala. Rifkatu ta biyo bayan mako biyu ta ce ramin yana cikowa daga ƙasa. Da igiyar nan dai Inna ta koyi tashi zaune, daga baya ta riƙa dafa ƙarfen gado tana miƙewa. Hannun hagun bai dawo ba har yau. Ƙafar tana ja, da sanda.

Abin da nake roƙon mai karatu ke nan. In mutum ya faɗi, bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya saki, a nufi asibiti a ranar, a yi addu'ar a hanya. In ya kwanta, kar a tsaya a sannu. A samu wanda mara lafiyar ya yarda da shi ya duba bayansa da ƙugunsa da dugadugansa kullum, a juya shi. In akwai kunya tsakaninku, kar ku yi kokawa da ita kamar yadda na gwada, kuma kar ku zauna ku ce ai kunya ce. Ku nemi hanya. Ina gode wa Rifkatu, da likitan da ban riƙe sunansa ba, da Sani, da Gwaggo wadda bayanta bai ƙara daidaita ba tun lokacin. Masu hana a kira ni kuwa na yafe musu, amma sun ji daga bakina.

Da hutun da na ɗauka ya ƙare, na so in ƙara. Na shiga ɗakin da safe ina ta kame-kame, ina cewa Gwaggo ko in kira makaranta in ce sai wani watan. Inna tana zaune a bakin gado, ta ɗaura ɗankwalinta da hannu ɗaya, a karkace. Ta gyara sandarta ta ce wa Gwaggo, "A ce mata ta koma. 'Ya'yan mutane na can ba malama. Nan ba abin da za ta yi."

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da na yi ta nema ke nan. Amma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na durƙusa na ce, "To Inna, Allah ya ƙara sauƙi." Ta amsa wa bango, "Amin. A gaida yaran."

Gwaggo ta raka ni har inda babur ke jira. A hanya na tambaye ta yadda wurin yake yanzu. Ta buɗe tafin hannunta ta zana mini da yatsa, ta ce ya rufe ruf, sai tabo mai ɗan zurfi, fari-fari.

Iyakar abin da na sani ke nan game da ciwon da na yi wata uku ina jinya. Ban gan shi yana ɗanye ba, ban ga tabonsa ba. Na kuma san ba zan gani ba sai ranar da za a ce 'ya'yanta mata su shigo su yi mata wanka, ranar da hannun nan ba zai iya riƙe zane ba. Kullum na idar da salla ina roƙon Allah ya nisanta wannan rana.